Ranar da Inna Ta Yabe Ni

Duk wanda yake son ya san kan wata al'umma, kada ya wahalar da kansa da karanta kundin tsarin mulkinta. Ya tsaya bakin hanya da hantsi, ya saurari amsar da take ba mai gaisuwa. Na daɗe ina nazarin wannan batu, kuma na kai ga matsayar da ba na jin zan sauka daga kanta: ƙasar Kurfai gaba ɗayanta, da rumbunanta da kasuwanninta da masallatanta, a kan kalmomi biyu take tsaye, wato “lahiya lau”. Fari ya ƙone gona, lahiya lau. Ciwo ya kwantar da mutum har sai an juya shi, ka leƙa ka gaishe shi, lahiya lau. An yi mulkin Nasara, an yi na soja, an yi na farar hula, babu wanda ya taɓa samun wata amsa daga bakinmu. Ina girmama wannan ɗabi'a ƙwarai. Ita ce ta raba ni da garkata, wato lambuna.

Ni malamin makaranta ne, ko in ce na taɓa zama, don na ajiye alli da ɗan jimawa. Na koyar a ƙauyukan da ke tsakanin Filingue da Abala, daga baya aka dawo da ni cikin gari don in tsufa kusa da gida. A cikin darussan da na fi so akwai na haƙƙin ɗan ƙasa. Nakan rubuta haƙƙoƙin a allo da kyakkyawan hannu, in ja musu layi, yara su maimaita da ƙarfi har awakin da ke bayan aji su ɗaga kai. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan tashi in je karɓar ɗaya daga cikinsu ba.

Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Wanda bai tashi ba, ga shi a taƙaice: uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yabonsa gaban mutane, in so samu ne ma ba ta nuna ta san da zamansa. Matan yanzu sun sassauta, Inna kuwa ta riƙe abin kamar farilla. Kakata ce ta goye ni. Da na tasa, sunana a bakin Inna “wancan”. Da na zama malami aka ƙara mini girma, na koma “wancan na lakwal”, wato na makaranta. In muna tsakar gida ɗaya tana so in ci abinci, sai ta dubi ƙanwata ta ce, “Ki ce mishi tuwo na hucewa.” Ƙanwata ta juyo ta ce, “Yaya, wai tuwo na hucewa.” Ni kuma in ce, “Ki ce mata na ji.” Haka muka yi zamanmu, kamar ƙasashe biyu masu jakada ɗaya. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Tsokar da ta fi kowace girma kullum a kwanona take sauka, ba a kuma taɓa kama wanda yake sa ta ba.

Idonta ya fara dushewa ba tare da ta sanar da kowa ba. Ƙanwata, wadda ta dawo ɗakin Inna bayan rasuwar mijinta, ita ta fara lura. Wata safiya ta tarar da Inna tana gaida turmi, tana tambayarsa mutanen gida. Da aka gaya mata turmi ne, sai ta ce ta sani, ai ya fi wasu ladabi, ba ya katse mutum. Muka yi dariya muka bar maganar, saboda dariya ba ta da tsada. Sai ranar da ta taka garwashi da ƙafa babu takalmi, ta kuma yi shiru har ƙanwata ta ji ƙauri. Ranar na goya ta a bayana zuwa asibiti, ita tana kallon gefe, ni ina kallon gaba.

Bayan an ɗaure ƙafar, likita ya haska idanun. Ya ce yanar ido ce ta rufe su duka biyu, ana iya cire ta, amma sai a Yamai, kuma ido ɗaya ake yi kafin ɗaya. Ya ce kada mu ja lokaci, don in ta ƙara tauri aikin zai yi wuya. Da ya faɗi abin da za a kashe, da aikin da magani da zaman jinya, sai na yi irin murmushin da yara suke yi in na gaya musu nisan rana daga ƙasa. Fansho gare ni, gaskiya ne. Amma fanshon malami baƙo ne mai kunya: ba ya zuwa da wuri, in ya zo kuma ba ya yarda ya zauna.

A bakin ƙofar asibitin wani ma'aikaci da na taɓa koyarwa ya ja ni gefe. Ya kira ni yadda ake kiran malaman makaranta da Faransanci, ya ce, “Mushe, ai Inna tana da haƙƙi. Tsoho marar hali, in an tabbatar, akwai takardar da ake ba shi, gwamnati ta ɗauke mishi nauyin aikin. Kai da ka koya muna abin nan?” Na ce na koyar da babin, ban dai kai ga aikin gida ba.

Na shiga neman takarda. Ba zan gajiyar da mai karatu da yawon biro-biro, ofis bayan ofis, ba, ya isa ni na gaji a madadinsa. Na zauna a kan bencin da na tabbata daga wata makaranta aka ɗauko shi, na gaida mutanen da a da su suke tashi in na shigo aji. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa ya karɓe ni da fara'a, ya tura ni wurin wani mai fara'a. A ƙarshe na gane sharuɗɗan uku ne. Na farko tsufa. Takardar haihuwar Inna ta ce an haife ta “wajen” wata shekara, ita kuma ta ce shekarar da fara ta cinye hatsi, amma da akawun ya ji shekaruna ni ɗanta, sai ya buga hatimi bai ƙara tambaya ba. Na biyu rashin hali, nata da na masu ɗaukar nauyinta. Na kai takardar fanshona, aka duba, aka yi mini kallon da ake yi wa mai zaman makoki. Na uku shi ne bincike, wanda a biro suke kira anket: wata ma'aikaciya za ta zo gida ta gani da idonta, ta ji daga bakin tsohuwar, tsohuwar ta dangwala yatsa a ƙarƙashin abin da ta faɗa.

Ma'aikaciyar, wadda kowa yake ce wa Madam, matashiya ce Bazabarma daga Yamai, mai Hausa mai ɗan gargada da haƙuri mai yawa. Ba ta da abin hawa, don haka muka shirya ran Talata in zo in ɗauke ta a motona, wato babur ɗina. Na koma gida na gaya wa ƙanwata cewa ran Talata baƙuwa za ta zo daga gwamnati ta ga Inna. Iyakar abin da na ce ke nan. Na ɗauka sauran a fili yake, kamar yadda malami yake ɗauka an gane in aji ya yi shiru.

Ran Talata na fita da wuri. Madam tana da wasu mutane a gabanta, na jira har rana ta ɗaga. Da muka iso unguwarmu na wuce ƙofar gidanmu, sai da na ga bishiyar dogon yaro na gane na yi nisa, na juyo. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa. A zaure, inda na bar tsohuwar tabarma da keken da ba shi da ƙafa, na tarar da buhunan hatsi jingine da bango har sun kusa taɓa rufi. A tsakar gida ga darduma mai laushi, ga kujerun roba farare, ga raguna biyu masu ƙiba a ɗaure a turken da akuyarmu ɗaya tak take kwana. Ita akuyar an kai ta wani wuri, ina jin don kada ta ba mu kunya. Ƙamshin soyayyar zabuwa ya cika gidan.

Na ja ƙanwata bayan ɗaki. Na ce, “Mene ne wannan?”

Ta ce, “Mi? Baƙuwar gwamnati ka ce.”

“Hatsin wa ye a zaure?”

“Na Alhaji mai shago. Shi da kanshi ya sa aka kawo, da kujerun da ragunan. Ya ce maƙwabtaka ba ta yi rana ba in baƙo ya shigo ya ga bayanmu. Da la'asar za a maida.”

“Ke, talaucinmu ta zo gani!”

Ƙanwata ta riƙe baki. “Subhanallahi, Yaya. Ka ji ka da wata magana. Wa ke nuna wannan?”

Madam kuwa ta riga ta yi sallama.

An fito da Inna an zaunar da ita a kan katifar aro. Ta ɗaura baƙin zanenta na rini wanda ba ya fita sai da salla, ta sa 'yan kunnenta na azurfa, an rambaɗa mata kwalli a idanun da ba sa gani. An rufe ƙafar da ta ƙone da gefen zane. Ni ba na zama inda Inna take zaune da baƙi, don haka na tsaya bayan zana, inda nake jin komai, ina kuma hange ta wata ɓula.

“Inna, ina kwana?” in ji Madam.

“Lahiya lau, ɗiyata.”

“Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

Wannan gaisuwa ce, ba laifi. Madam ta buɗe dosiye, wato fayil ɗin takardun, ta cire murfin alƙalami, ta sake yin tambayoyin nan, wannan karon da gaske. Ta sami amsoshin nan dai, su ma da gaske.

“Inna, yaya idon?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Kina ganina?”

“Mi zai hana? Ga ki nan ja-ja da ke, son kowa.”

Madam baƙa ce wuluk, kuma a lokacin ta matsa inuwa. Jar butar alwala Inna take yi wa magana.

“Ke Bazabarma ce ko?” in ji Inna. “Na ji Hausarki na ɗingishi.”

Madam ta yi dariya. “Tana ɗingishi, Inna, amma tana isa inda za ta.”

“To madalla. Kin yi aure? In ba ki yi ba ki zauna nan, mu gyara miki ita.”

“Sai na gama aikina. Inna, sau nawa kuke cin abinci a yini?”

“Mu nan ci muke sai mun ture.”

“Hatsin nan da ke zaure, naku ne?”

Inna ba ta yin ƙarya kai tsaye, tana da hanyoyinta. Ta ce, “Na Allah ne, ɗiyata. Duk hatsi nashi ne.”

Na ga Madam ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Har lokacin ban fid da rai ba. Na ce mace ce mai hankali, ta ga butar, za ta auna sauran. Sai ta yi tambayar ƙarshe, wadda duk dosiyen ya rataya a kanta.

“Inna, kina da mai ɗaukar nauyinki? Wanda in ciwo ya zo zai iya?”

Na san amsar da zan ji, ko in ce na zaci na sani. Inna za ta ce akwai wani wancan, yana dai nan, ta kau da maganar. Wannan kau da kai na shekara da shekaru, yau ga ranarsa ta zo, zai yi mana aiki.

Inna ta gyara zama. Ta juya fuskarta daga butar, ta nufi inda muryar take fitowa.

Ta ce, “Ina da ɗa. Ɗana na hwari. Tun ran da ya kama aiki ban sake sanin kuɗin gishiri ba. Ubanshi ya rasu, shi ya riƙe gidanga. Ya aurar da ƙannenshi, wadda mijinta ya mutu ya maido min ita ɗaki. Ran da na taka wuta, a bayanshi ya kai ni likita, bai ko aje ni ya huta ba. Babu abin da zan nema ya ce babu. Ki rubuta. Ki rubuta da kyau, in kin koma ki karanta ma gwamnati: duk ƙasar Kurfai babu macen da ta haihi irin nawa.”

Har ragunan Alhaji suka daina tuƙa. Ƙanwata ta tsaya da kwanon zabuwa a hannu. Ni kuwa ina bayan zana, na kasu biyu. Rabina malami ne, yana kallon yadda amsa ɗaya ta kayar da jarrabawa sukutum. Ɗaya rabin wani ne da ban san yana nan ba, wanda ashe tun yana rarrafe yake jiran ya ji kalmar “ɗana” daga wannan bakin. Na cire tabarau na goge, na mayar, na sake cirewa. Da ta san ina tsaye a wurin, da ba ta faɗa ba. Ko kuwa ta sani. Ban taɓa tambaya ba, kuma ba ta hanyar jakada ake irin wannan tambaya ba.

Madam ta ci loma biyu na kopto, kwaɗon zogale, don kada a ce ta raina, ta yi godiya da Zabarmanci, “Fofo, Inna,” muka fito. A ƙofar gida ta tsaya ta dube ni.

Ta ce, “Mushe, kujerun nan duk akwai alamar shago a bayansu da jan fenti. Ragunan ma ba su san gidan ba, ƙofa suke ta kallo. Ina da ido. Ni ma ɗiyar wata ce, uwata haka za ta yi.”

Na ce, “To ki rubuta abin da kika gani.”

“Zan rubuta. Amma akwai wurin da maganarta ce take shiga, yatsanta kuma a ƙarƙashi. Ba zan sa mata abin da ba ta ce ba. Doka ba ta ce sai wanda ba shi da ɗa ba. Ba cewa za ta yi ba ka so ba, cewa za ta yi ba ka iya ba. Na bar shafin fari. Ran da ta shirya, ka zo ka ɗauke ni. Kada dai ka gaya wa kowa ranar.”

Da la'asar aka kwashe arzikinmu aka mayar wa mai shi. Akuya ta dawo turkenta, ta shinshina wurin da ragunan suka tsaya, ta dube mu. Na ɗauko kujerar tsuguno na zauna nesa kaɗan da ƙofar Inna, na kira ƙanwata ta zauna a tsakani. Na shirya darasina tsaf, da gabatarwa da misalai.

Na ce, “Ki ce mata wannan abu ba sadaka ba ne, ba bara ba ne. Haƙƙinta ne. Ki ce mata lanho, harajin da Baba ya yi ta biya duk shekara har ya koma ga Allah, shi ne yau zai dawo mata.”

Ƙanwata ta juya. “Inna, wai ya ce…”

“Na ji shi, ba kurma ba ce ni. Ki ce mishi ubanshi ya biya lanho don a ƙyale shi ne, ba don a zo gidanshi ana leƙa tukunya ba.”

“Ki ce mata kalma ɗaya ce. Ta ce ba ni da hali. Gaskiya ce kuma, ba ni da shi.”

“Ki ce mishi in gaskiya ce ya riƙe abinshi.”

“Ki ce mata likita ya ce in aka daɗe idon zai tafi.”

Inna tana murza bakin zanenta da yatsu. Da ta yi magana, ba ta ce “ki ce mishi” ba, ta dai fuskanci bango.

Ta ce, “Tun ran da aka haihe shi ban kira sunanshi ba. Ban ɗauke shi gaban mutane ba, ban ce kyakkyawa ne ba, don kada baki ya kama min shi. Ya yi ciwon ƙyanda ina bayan ɗaki ina cizon zane, ban shiga ba. Duk wanga na yi. Yanzu da tsuhwana a ce in zauna gaban ɗiyar mutane in ce ya kasa, a rubuta, in sa yatsa, a kai Yamai a aje? Idon ya tahi. Na ga abin da zan gani.”

Ƙanwata ta juyo ta buɗe baki don ta isar da saƙo, na ɗaga mata hannu. Na ce, “Ki ce mata na ji.”

Ban haƙura nan take ba. Malami ba ya yarda aji ya fi ƙarfinsa a makon farko. Na koma biro na nemi ganin shugaban su Madam, dattijo mai sanyin murya. Na tambaya ko ni zan iya sa hannu a madadinta. Ya ce da hankalinta ya gushe, da sai a yi. Ya tambaye ni ko ya gushe. Na ce duk gidanmu ba wanda ya kai ta. Na tambaya ko shaidar likita da ta mai unguwa za su wadatar. Ya ce suna ƙara wa dosiye nauyi, amma ba sa zama bakin mai shi. Na yi masa jawabi a kan manufar doka da abin da mai yin ta ya nufa, da Faransancin da ban yi irinsa ba tun ina gaban sufeto. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Mushe, duk abin da ka faɗa haka ne. Haƙƙinta ne, yana nan, ba mai taɓa shi. Amma ba mu da ikon ɗura wa mutum haƙƙinsa.” Na rasa abin da zan gyara a cikin wannan jimla.

Na aika mata limamin unguwa, ya dawo yana cewa tsohuwar ta fi shi hujja. Na aika ƙawarta ta ƙuruciya, suka wuni suna hira, ƙawar ta fito ta ce mini in ji tsoron Allah in daina matsa wa uwata. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma. Inna ta daina fitowa tsakar gida sai an riƙe mata hannu. Ta daina gaida turmi, don yanzu ko inuwarsa ba ta gani. In aka tambaye ta ido, da sauƙi. Ni ma in aka tambaye ni jikin Inna a masallaci, da sauƙi nake cewa, da bakina mai koyar da haƙƙin ɗan ƙasa.

Ina da garka a fadama, bayan gari. Ba wata babba ba ce: rijiya marar zurfi, mangwaro, lemun tsami, da fili na albasa da salati in sanyi ya shigo. Tun ina aiki na saye ta, na yi ta dasa itatuwa a lokacin hutu, da niyyar in na ajiye alli in riƙa wuni a can, in karanta littattafan da na tara ban karanta ba. Na soma ma. Akwai wani reshen mangwaro da nake rataye hulata. Alhaji mai shago ya daɗe yana yaba wannan garka, irin yabon da mai hankali yake ganewa. Na same shi a shago bayan azahar. Ya yi ta rantsuwa cewa ba ya so, ya ce in karɓi rance, na ce ba ni da ranar biya. Bai taya da mugunta ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Mutumin da ya ara mini arziki na wuni ɗaya, shi ya sayi ɗan wanda nake da shi na gaske, muka yi musafaha, ya ce Allah ya ba Inna lafiya, na ce amin.

Na dawo gida na kira jakada. Na ce, “Ki ce mata ta shirya, jibi za mu Yamai. Ki ce mata ba takardar kowa, ba yatsa. Wancan na lakwal ne zai biya.”

Ƙanwata ta isar. Inna ta gyaɗa kai, ba mamaki ko kaɗan a fuskarta.

Ta ce, “Ai na hwaɗa ma yarinyar.”

Muka shiga motar tasha da sassafe, Inna a tsakiya, ƙanwata a damanta, ni a kujerar baya da buhun wani a kan gwiwata. A Baleyara muka daɗe tsaye, ranar kasuwa ce, shanu sun tare hanya. Inna ta tambayi ƙanwata ko har yanzu ana sayar da waina a gindin tsamiyar nan. Ƙanwata ta ce babu tsamiyar ma. Inna ta ce to.

An yi aikin a idon dama. Bai ɗauki lokacin da na ɗauka ina jiran hatimi ɗaya ba. Washegari da hantsi aka zo cire bandeji, ƙanwata tana riƙe da hannunta, ni ina tsaye bakin ƙofa inda ya dace da ni. Inna ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye ya zubo. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi. Ta dubi ƙanwata ta ce, “Ke, haka kika rame?” Ta dubi taga, ta dubi malamar asibiti ta yaba ɗan kunnenta. Sai idon ya zagayo ya sauka a kaina, ya tsaya. Iya sanina, wannan ne karo na farko da ta dube ni ido cikin ido. Na ƙame kamar ɗalibin da aka kira gaban allo.

Ta matsa kusa da ƙanwata, ta yi ƙasa da murya, amma ɗakin ƙarami ne.

“Wane ne tsohon can da ke kallonmu?”

“Inna, Yaya ne.”

Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta juya ga bango. Can ta ce, “Ki ce mishi ya samu wuri ya zauna. Tsayuwa ba ta kamace shi ba.”

Yanzu tana gani tar da idon dama. Tana zura zare a allura, tana tsince tsakuwa daga shinkafa, ta gano duk ɓarnar da aka yi mata a ɗaki cikin shekarun duhu, tana kuma bin kowa da ita ɗaya bayan ɗaya. Ni ba ta sake dubana ba, al'amura sun koma daidai. Kwanan baya na haɗu da Madam a kasuwa tana taya tumatir. Ta ji labarin garka. Ta ce dosiyen yana nan, shafin yana nan fari, kuma yanzu ya fi da ƙarfi, tun da abin da nake da shi ya ragu. Saura dai kalmar nan ɗaya. Ta tambaye ni gajiya, na ce babu gajiya.

Likitan Yamai ya ce in an gama girbi mu dawo da ita a yi na hagu. Garka ɗaya gare ni dama.